Maganar Aron Kayan Aiki da Gayya a Ƙasar Kankiya da Kusada

Zuwa ga dagatai, da masu unguwa, da sarakunan noma, da dukan manomi wanda ya iya karatu a ƙasar Kankiya da Kusada. Muna roƙon duk wanda takardan nan ta shiga hannunsa ya karanta wa maƙwabtansa, ko a dandali ko a ƙofar masallaci bayan la'asar, don maganar da ke cikinta ta shafi kowa.

1. Dalilin wannan magana

Wanda ya biyo hanyar mota daga Kano zuwa Katsina bayan an gama kaka, ya wuce Yashe ya doshi Kankiya, zai ga gonaki sun zama fili, sai kara da tsaiwar itatuwa. Baƙo ya kan zaci manomi ya sami hutu ke nan. Amma fa ku da ke Rimaye, da Kafin Soli, da Tafashiya, da Mawashi, da Ƙofa, da Dudunni, kun san ba haka ba ne. Sa'an nan ne aikin gida ke tasowa. Ga katangar da damina ta zubar, ga rumbu yana bukatar yaɓe, ga jinka ta ruɓe, ga rijiya tana son yasa, ga taki yana jiran a kai shi gona. A cikin waɗannan ayyuka babu ko ɗaya wanda mutum zai gama shi kaɗai, babu kuwa gidan da ya mallaki dukan kayan da a ke yinsu da su. Ba banza ba mutanen da suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Wanda ya taɓa gwadawa ya san maganar ba misali ba ce kurum, jinka sai an kewaye ta an ɗaga tare, in ba haka ba ta karye.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, al'adun nan biyu da suka riƙe ƙauyukanmu, watau aro da gayya, sun yi rauni. Ƙwadago da jinga sun ci wurin gayya. Samari su kan tafi cin rani Kano, ko Abuja, ko Ikko, daidai lokacin da a ke gini. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin shekara ta 2023 kuɗin ɗauko kaya ya hau, komai na ƙarfe ya yi tsada. Satar shanu kuma, wadda ta dami ƙasar Katsina tun wajen 2014, ta sa mutane da yawa sun ji tsoron ajiye shanun huɗa. Idan kayan aiki sun yi tsada, maƙwabta kuma sun daina ba juna aro, to, talaka shi ne zai fara kwana cikin ɗaki mai yoyo, hatsinsa kuma gara da ɓera su raba.

2. Yadda kakanninmu suka tsara abin

Ku lura, Bahaushe ya rarrabe kalmomi uku, kuma rikici da yawa daga cuɗa su ya ke fitowa. Aro shi ne a ba ka abu ka yi aiki da shi ka mayar da shi kansa, kamar gatari ko tsani. Rance shi ne a ba ka abin da zai ƙare ka mayar da kwatankwacinsa, kamar tiyar gero ko kuɗi. Haya kuwa ita ce ka yi aiki da abu ka biya lada. Kafin abu ya fita daga zaure, ya kamata mai shi da mai karɓa su san da wanne suna ya fita.

Gayya kuma aron hannu ce. Mai aiki ya kan kai goro ga sarkin samari ko sarkin noma, a sa rana, a dama fura, a yi tuwo, wani lokaci a kira makaɗa da gangar noma. Ba a biyan kowa, amma kowa ya san bashi ne, ran da aka yi gayyar wani sai ka je. Mata ma suna da tasu. In an gama sabon ɗaki su ne ke taruwa su yi daɓe, kuma tsakaninsu ne turmi, da babbar tukunya, da rariya ke yawo gida gida ran suna ko ran biki.

Addini ma bai bar maganan nan ba. Suratul Ma'un ta zargi mai hana ƙananan kayan amfani, malaman tafsiri kuwa sun kawo misali da gatari, da guga, da tukunya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda a ke karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana hukuncin aro a mazhabar Malikiyya: abin da ke ɓoyuwa, kamar ƙaramin kayan aiki, in ya salwanta a hannun mai aro shi zai biya, abin da ba ya ɓoyuwa kuwa, kamar dabba, ba ya biya sai in ya ƙetare iyaka, kamar ya ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa. Ashe ke nan mai hana aro da mai wulakanta kayan aro duk an yi musu magana tun da daɗewa.

3. Zuwan garmar shanu

A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka shigo da wani kayan aiki wanda ya sake al'amarin aro. Wajen shekara ta 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa noma da shanu. A kan ba mutum bijimai biyu da garma bashi daga baitulmalin En'e, ya biya sannu a hankali. Da fari mutane kaɗan suka karɓa, daga baya abin ya bazu ko'ina, har yau da wuya ka shiga ƙauye a ƙasar Katsina ba ka ga karkiya jingine a bango ba.

Amma garmar shanu ba kamar fartanya ba ce. Kuɗinta da na shanun sun fi ƙarfin yawancin gidaje, ga kuma ciyar da shanun shekara duka. Don haka mai ita ba ya iya ba da ita aro kyauta yadda zai ba da lauje, sai ya koma yi wa maƙwabta huɗa da lada. Haka abin ya ci gaba da amalanke, da injin feshi, da injin ban ruwa, da injin casa. Wannan ba laifi ba ne, mai dukiya ya ci amfanin dukiyarsa. Laifin shi ne a bar haya ta cinye aro duka, har tsani ma a ce sai an biya.

4. Kayan aiki kashi uku ne

Muna ba ku shawara ku raba kayan aikinku kashi uku, ko wane kashi da tasa doka.

Kashi na fari, kayan da ko wane gida tilas ya mallaki nasa: fartanya, da sungumi, da lauje, da magirbi, da gatari. Dalili kuwa, ran da ka ke bukatarsu ran nan kowa ke bukata. In ruwan shuka ya sauka da dare, da asuba babu mai sungumin ba ka. Daminarmu gajeriya ce, da ƙyar ta kan cika wata huɗu, wanda ya makara kwana uku wajen shuka ya kan gani a rumbu. Kada wani ya dogara ga aro a nan.

Kashi na biyu, kayan da a ke bukata jifa jifa, yawanci da rani: tsani, da baro, da diga, da shebur, da dagi, da zarto, da gizago, da doguwar igiyar rijiya. Waɗannan su ne ainihin kayan aro. Tsani ɗaya ya ishi gida goma, don ba rana ɗaya kowa zai hau soro ba. Hasara ce gida goma su sayi tsani goma, tara suna jingine gara na ci. Abin da ya fi, maƙwabta su zauna su shirya: wane ya sayi baro, wane diga, wane zarto. Ko wane mutum ya sayi abu ɗaya, ya sami amfanin goma.

Kashi na uku, manyan kaya: shanun huɗa da garma, da amalanke, da injuna. Waɗannan ko dai a yi haya, ko kuwa mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, ko ta hanyar adashi, su saya tare. A nan ne a ke ɓatawa, don haka ku saurari lissafin nan. Shanu biyu masu ƙoshi su kan huɗe wajen eka guda a rana. A ce mutum biyar suka haɗa, ko wannensu yana da eka uku. Eka goma sha biyar ke nan, watau kwana goma sha biyar. In aka ce sai an gama gonar mutum na fari duka a koma ta na biyu, to, na ƙarshe zai jira kwana goma sha biyu kafin garma ta shiga gonarsa, ciyawa ta riga ta rufe shi, ya kuwa yi fushi da gaskiyarsa. Amma in aka yi wa kowa eka ɗaya ɗaya, cikin kwana biyar kowa ya sami rabo, sa'an nan a sake zagayowa. A jefa ƙuri'a tun da bazara a san wanda za a fara da shi, baɗi kuma na ƙarshen bana ya zama na fari. A kuma yanke tun farko wanda zai riƙe shanun, da yawan harawa da dusa da kowa zai kawo, da wanda zai ɗebi takin. A yi aiki da su da sanyin safiya, a kwance su in rana ta take. Saniyar tarayya ita ta fi saurin ramewa, don kowa na so ya more ta, babu mai so ya ciyar.

5. Dokokin aro guda shida

Na ɗaya, ka faɗi aikin da za ka yi da ranar da za ka mayar. Na biyu, ku duba abin tare kafin ka ɗauka, in ƙota ta tsage a gani tun a zaure. Na uku, ka mayar da kanka, kada ka jira a aiko yaro. Na huɗu, ka mayar da shi ya fi yadda ka karɓa: ka wanke laka, ka wasa baki, ka ɗiga wa ƙafar baro mai. Na biyar, kada ka ba da aron abin aro, don daga hannu na uku ne kaya ke ɓata. Na shida, in ya karye ka faɗa ran nan, ka kai wa maƙeri ka biya. Wanda ya lallaɓo ya jingine karyayyen gatari ya tafi, ba mai gatarin kaɗai ya cuta ba, ya rufe wa unguwa duka ƙofar aro.

Akwai gargaɗi musamman game da injin feshi. In an fesa maganin ciyawa da shi, aka ba wani ya fesa wa wake maganin ƙwari ba a wanke ba, saurar maganin na iya ƙone waken. A wanke shi sau uku da ruwa da sabulu, nesa da rijiya, a fesar da ruwan ta bakinsa. In hali ya yi, unguwa ta ajiye biyu, a shafa wa na ciyawa jan fenti don a shaida shi. Robar magani kuwa kada a ba yara, kada a zuba mata mai ko ruwan sha, a huda ta a binne.

6. Aron sani ya fi aron kaya

Kayan aro a kan mayar, amma sanin da maƙwabci ya koya maka naka ne har abada, shi kuma bai ragu da komai ba. Ga shi kuwa sanin nan yana tafiya da tsofaffi. Ku tambayi kanku, samari nawa ne a unguwarku suka iya yanta da baibaya? Nawa suka san ƙasar da ta dace da tubali? Ga kaɗan daga abin da ya kamata a koya wa yara ido da ido.

Gini. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ko fi tana ruɓa kafin a yi aiki da ita. Tubali ya bushe sarai kafin a ɗora. Kada a ta da bango da tsawo rana ɗaya, a bar ko wane sashi ya sha iska, in ba haka ba ya tsage. Azarar giginya ta fi sauran itace jure wa gara. Makuba, wadda a ke samu daga kwasfar ɗorawa, tana sa yaɓe da daɓe su jure ruwa. Indararo kuma ya fito da tsawo, don ruwan da ke zuba a gindin bango shi ke ka da ɗaki.

Rumbu. A ɗora shi bisa duwatsu, iska ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi, a kuma iya ganin hanyar gara tun tana farawa. Kafin a zuba sabon hatsi a share tsohon sarai, a toshe tsaga, don ƙwarin bara a cikinsu su ke jiran na bana.

Ajiyar wake. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai riɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara, a ke kiransa PICS. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Asirinsa shi ne iska ba ta shiga, sai ƙwaro ya rasa numfashi, ba sai an sa guba ba. Amma sai waken ya bushe ƙwarai, a tabbata leda ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure ko wane riɓi daban. Wannan abu ne wanda mutum ɗaya zai nuna wa mutum ashirin cikin rabin sa'a.

Rijiya. A nan maganar rai ce. Kafin kowa ya shiga yasa, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ba ta da kyau, kada a shiga, a bar rijiyar a buɗe, a yi ta zura ganye mai yawa ana jawowa har iska ta sake, a kuma gwadawa. Mai shiga a ɗaura masa igiya a ƙugu, mutum biyu ƙarfafa su tsaya a baki. Kada ko kusa a ta da injin fetur cikin rijiya, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya farga ba. In wani ya suma a ciki a jawo shi da igiya, kada a bi shi haka nan, don sau da yawa mai ceto shi ke zama gawa ta biyu.

Hanyar koyarwa kuwa ita ce gayya. Duk ran da za a yi baibaya ko a ɗora azara, a sa yara biyu ko uku kusa da gwanin, su riƙa miƙa masa kaya suna kallon hannunsa. Gwanin kuma a kyautata masa, a ba shi goronsa, kada a ce don maƙwabci ne a ci guminsa banza. Magini da maƙeri da sana'arsu su ke ci.

7. Abin da mu ke roƙon dagatai da masu unguwa

Ranku ya daɗe, wannan aiki ba ya tafiya sai da ku. Muna roƙonku abu huɗu.

Da an gama ɗaurin dami, kafin samari su watse cin rani, ku tara magidanta a lissafa ayyukan rani na unguwa, a sa wa ko wanne rana. Mako biyu na gayya kafin tafiya ya kan gama abin da zai gagari tsofaffi wata uku.

Ku sa a fara da gidan gwauruwa mai marayu, da tsoho wanda ba shi da ɗa a gida, da majinyaci. Waɗannan ba su da furar da za su dama, ba su kuwa da ƙarfin rama gayya. In ba ku ambace su ba, babu mai tunawa da su sai ɗaki ya faɗi.

Ku naɗa amintaccen mutum ɗaya mai rubutu, ko boko ko ajami, ya riƙe kayan tarayya da ɗan littafi: sunan abu, sunan wanda ya ɗauka, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Ko wane gida ya riƙa ba da ɗan abu da kaka, ko tiya guda ce, don gyara. A karanta lissafin a gaban jama'a sau ɗaya a shekara. Dukiyar jama'a in ba a bayyana lissafinta, zato ke kashe ta tun kafin sata.

In gardama ta tashi kan abin aro, ku kashe ta ran nan a zaure, da dattawa biyu da liman. Shebur bai kai a je gaban alƙali ba, amma an sha ganin gidaje biyu sun shekara ba sa gaisawa a kan abin da bai fi shebur ba.

8. Ƙarshen magana

Jama'a, ba mu kawo muku baƙon abu ba. Kakanninku sun gina garuruwan nan, sun haƙa rijiyoyinsu, sun fita daga yunwar 1914 da farin 1973, ba don ko wannensu yana da komai ba, sai don abin da ke gidan wani yana isa gidan wani. Abin da ya sake yau shi ne kayan sun yi tsada, mutane sun yi yawa, don haka abin da a da kunya kaɗai ke tsarewa, yanzu yana bukatar shiri da rubutu. Ku fara da ƙarami. Cikin makon nan mutum biyar su zauna, kowa ya faɗi abin da ya ke da shi da abin da ya iya, a sa ranar gayya ta fari, a mayar da duk kayan aron da suka kwana biyu a bayan ɗaki.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina mai albarka, ya bar zumunci tsakanin maƙwabta, amin. Haza wasalam.